Sikeli da Gwanjo: Ina Darajar Tsohon Abu Take?

A watan Agusta na shekarar 2018, a wani wuri da ake kira Pebble Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka yi gwanjon wata tsohuwar mota ƙirar Duesenberg SSJ wadda aka ƙera a 1935. Da aka rufe ciniki, kuɗinta ya tsaya a dala miliyan 22. Motar kujera biyu gare ta, ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, kuma wanda ya saye ta ba zai kai yara makaranta da ita ba. Da a ce ƙaddara ta jefo wannan mota cikin wani kango a Yelwa, ta shekara talatin kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, kowa ya san makomarta. Ɗan gwangwan zai zo da kurarsa da gudumarsa da sikelinsa, a farfasa ta, a ware tagulla gefe, a ware alminiyam gefe, a biya kuɗin kilo a tashi.

Ƙarfen ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Wannan bambanci shi ya haifar da tambayar da wannan maƙala za ta bi diddiginta. Shin mutumin da ya zuba irin wannan dukiya a kan tsohon ƙarfe almubazzari ne, ko kuwa mu da muke auna tsohon abu da kilo mu ne muka tafka asara? Kuma wane haƙƙi tsohon abu yake da shi a kan masu rai, alhali masu ran suna cikin buƙata?

Asalin motocin

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake magana a kai. A farkon ƙarni na ashirin, masana'antar mota a Amurka ta rabu gida biyu. A gida na farko akwai Henry Ford, wanda ya fito da Model T a 1908, ya ƙera fiye da miliyan 15 zuwa 1927, ya kuma karya farashinta har ta sauko ƙasa da dala 300. Burinsa manomi da leburan masana'anta su hau mota. A gida na biyu akwai kamfanonin da ba su damu da yawa ba, sai dai inganci da ƙawa. Uku daga cikinsu suka fi suna a lokacin: Packard, wanda aka kafa a 1899 ya koma birnin Detroit, da Pierce-Arrow na birnin Buffalo, wanda fadar shugaban Amurka ta sayi motocinsa tun 1909 zamanin Shugaba Taft, da Peerless na birnin Cleveland.

Cadillac, wanda aka kafa a 1902, ya yi abubuwa biyu da tarihi ya riƙe. A 1908 aka kai motocinsa uku Ingila, aka kwance su filla-filla, aka cakuɗa kayayyakinsu, sannan aka sake haɗa motoci uku daga tarin, kuma duka suka tashi suka yi tafiya. A zamanin da kowane ƙarfe sai an goga shi da hannu kafin ya zauna a mazauninsa, wannan abin mamaki ne. A 1912 kuma ya fito da motar da ake tayarwa da lantarki. Kafin nan sai direba ya tsaya a gaban mota ya wana ƙarfe da hannu, wani lokaci ƙarfen ya dawo ya karya masa hannu. Duk direban da ya murɗa makulli a tashar Yelwa yau injin ya amsa, gadon wancan aiki yake ci.

Amma sarauniyarsu ita ce Duesenberg. 'Yan'uwa biyu, Fred da August Duesenberg, haifaffun Jamus da suka tashi a Amurka, su suka kafa kamfanin, kuma a fagen tseren motoci suka yi suna. A 1926 wani ɗan kasuwa mai suna E. L. Cord ya saye kamfanin, ya umarci Fred da ya ƙera motar da babu kamarta. A watan Disamba na 1928 aka nuna Model J a birnin New York, da inji mai ƙarfin doki 265. Kamfanin inji da shasi kawai yake sayarwa, a kan dala 8,500. Sauran jikin motar sai mai saye ya kai wa masu sana'ar ƙera bodi su yi masa da hannu yadda ransa yake so, kamar yadda mutum yake yankan shadda ya kai wa maɗinki. Kafin ta kammala takan haura dala 13,000, wata har 20,000, a lokacin da sabuwar Ford take wajen dala 500.

Ba a yi shekara guda ba, a watan Oktoba na 1929, kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali. Peerless ya daina mota a 1931, masana'antarsa ta koma yin giya. Duesenberg ya rufe a 1937, bai ƙera Model J ɗari biyar cikakku ba. Pierce-Arrow ya bi bayansa a 1938. Packard ya yi ta jan ƙafa har 1958. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka narkar da tsofaffin motoci masu yawa don a sami ƙarfen makamai, kuma bayan yaƙin akan sami Duesenberg a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Ashe Amurkawa ma sun yi nasu zamanin sikeli. Waɗanda suka tsira, sun tsira ne saboda wasu 'yan tsirarun mutane da ake yi wa kallon masu tara tarkace.

Abin da mai tarawa yake saye

Idan aka tambayi mai tara irin waɗannan motoci abin da yake nema, amsarsa takan koma ga abubuwa uku. Na farko gwanintar hannu: tun da kowace mota da mai ƙera bodinta, da wuya a sami biyu da suka yi daidai, kuma a jikin kowace akwai sawun maƙeri da kafinta da baduku waɗanda suka daɗe da barin duniya. Na biyu ƙaranci: irin SSJ ɗin da aka ambata guda biyu kaɗai aka taɓa ƙerawa. Na uku labari: wadda aka sayar a 2018 ta ɗan wasan fim Gary Cooper ce, kuma Sarkin Sifen Alfonso na 13 yana cikin waɗanda suka mallaki Model J. Mai saye yakan bi lambar inji da ta shasi da takardun kowane hannu da motar ta bi, domin motar da ta rasa tarihinta rabin kuɗinta ya zube.

A nan ne wata tsohuwar tambayar falsafa take ɗaga kai. Plutarch, marubucin Girka, ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo mai suna Theseus, wanda mutanen Atens suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka yi ta jayayya a kan ko jirgin nan shi ne na asali. Mutumin bakin kogi ba ya buƙatar zuwa Girka kafin ya fahimci wannan. Masunci a Yauri yakan gaji jirgi daga mahaifinsa, bana ya canza katakon gindi, baɗi na gefe, har ya zamana babu ƙusa guda da ta rage daga hannun tsohon, amma har gobe jirgin baba yake kiransa. Haka motar da aka sabunta fentinta da kujerunta da rabin ƙarfenta take riƙe da sunanta. Masu tara motoci su ma sun fara gane cewa yawan gyara yana goge shaida, shi ya sa a 2024 gasar Pebble Beach ta ba da babbar lambarta, karo na farko, ga motar da aka bari da tsufanta ba a sabunta ta ba, wata Bugatti ta 1934.

Abin da wannan yake nunawa shi ne, darajar tsohon abu ba a cikin ƙarfe ko katako take zaune ba. Tana cikin igiyar da ta ɗaure abin da mutanen da suka yi shi, suka yi aiki da shi, suka miƙa shi. Sikeli ba ya iya auna wannan igiya. Saura mu duba ko gwanjo yana iyawa.

Ƙarar da aka shigar

Wanda zai tuhumi mai tarawa yana da hujjoji masu nauyi, kuma zalunci ne a raina su. Tun 1899 masanin tattalin arzikin Amurka Thorstein Veblen ya yi bayanin yadda masu hannu da shuni suke sayen abu don a ga sun iya saye, tsadar ita ce amfanin. Model J ta dace da wannan siffa tun ranar haihuwarta. A 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki, mutane suna layin karɓar miya da burodi, ita kuma tana ratsa su da ƙyalli. Wanda ya biya miliyoyi a kanta yau, in ji mai ƙara, ya sake maimaita laifin ne da sabon farashi. Mu ma a tarbiyyarmu an hore mu da labarin Ƙaruna, an kuma koya mana cewa almubazzaranci abin ƙi ne ko da dukiyar halal ce.

Ƙarar takan ƙara zafi idan aka tsaya a bakin tafkin Kainji. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta, cikinsu har da mata da yara. Hukumomi sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da kuma lodin da ya wuce kima. Kuɗin waccan mota guda ɗaya sun isa su ƙera sababbin jirage masu yawa, su saya wa dubban fasinjoji rigar kariya. To, da wane ido mutum zai dubi maraya a Warra ya yi masa bayanin kyawun fentin 1935?

Akwai amsar da akan bayar, cewa kuɗin gwanjo ba ƙonewa suke yi ba, daga aljihun wani attajiri suke komawa na wani, kuma a hanya makanikai da masu fenti da masu ɗinkin kujera suna cin abinci, sana'o'in da suka kusa mutuwa suna farfaɗowa. Wannan gaskiya ne, amma bai rufe bakin mai ƙara ba, domin tambayarsa a kan zuciyar mai saye take da abin da ya fifita. Masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, a wani littafinsa na 1785, ya bambanta abin da yake da farashi da abin da yake da martaba: mai farashi ana iya musanya shi da makamancinsa, mai martaba ba shi da madadi, kuma ɗan Adam shi ne mai martaba. A bisa wannan ma'auni, idan aka ɗora mota a hannu ɗaya, ran fasinja guda a ɗaya hannun, babu abin tattaunawa. Duk attajirin da ya shafe motarsa da mai alhali bai fitar da haƙƙin mabuƙata daga dukiyarsa ba, tuhumar ta hau kansa, ko a Kalifoniya yake ko a Birnin Kebbi.

Sai dai rayuwa ba kullum take ajiye zaɓin a haka ba. Da za a bi hujjar mai ƙara har ƙarshenta, da babu ɗakin karatu ko gidan tarihi da zai halatta muddin akwai mayunwaci guda a duniya, da an sayar da tsofaffin littattafan malamanmu ga masu ƙunsa ƙosai. Al'ummar da ta yi haka ba ta kawar da yunwa ba, mantuwa ta ƙara a kanta. Kuma mu mutanen Yauri mun fi kowa sanin ɗacin mantuwa.

Abin da ruwa ya ci

An fara gina madatsar Kainji a 1964 aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya miƙe fiye da kilomita 130 har zuwa yankin Yelwa, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga mazaunansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran da Gungawa suka zauna a kai kaka da kakanni da dama suka shige ƙarƙashin ruwa. Kafin ruwan ya iso, masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar haƙa wasu wurare, kuma a kusa da Yelwa an tono kayan yumɓu da suka haura shekara dubu. Abin da aka tsamo shi ne ya rage. Abin da ba a kai gare shi ba, babu gwanjon da zai dawo da shi.

A 1830 wasu Turawa biyu 'yan'uwa, Richard da John Lander, sun zo har birnin Yauri suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa shekaru ashirin da 'yan kai kafin nan. Mutane sun ƙetaro teku saboda 'yan takardun mamacinsu. Wurin da ya mutu yana ƙarƙashin tafki yanzu, Bin Yauri kuwa, tsohuwar hedikwatar masarauta, ganuwarta tana zaizayewa damina bayan damina. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

A fagen motoci ma haka abin yake. An buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma shekaru da dama Fijo ita ce ƙafar Arewa: ita ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibiti, ta kai albasa da busasshen kifi kasuwanni. Guda nawa aka ware aka ce wannan ta jikoki ce? Inda muka adana kuwa, amfanin a bayyane yake. Motar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hujojin harsashi a jikinta, kuma ɗalibin da ya tsaya a gabanta yakan fahimci abin da shafi goma bai fahimtar da shi ba. Tsohuwar Rolls-Royce ta fadar Kano, duk ranar da ta fito, takan haɗa jika da zamanin kakansa. Gani ya kori ji.

Tarawa da adanawa

Daga nan za a iya ware abu biyu da suke kama da juna a ido. Akwai tarawa, akwai adanawa. Mai tarawa yana cewa nawa ne, ya kulle gareji, ya jira farashi ya hau. A wurinsa mota takardar hannun jari ce mai ƙafa huɗu, kuma in an duba da kyau, shi da ɗan gwangwan sana'arsu ɗaya, dukansu kuɗi suke gani, lissafin ne ya fi na juna tsawo. Mai adanawa kuwa ya san abin zai rayu bayansa, don haka yana ɗaukar kansa mai riƙon amana.

Labarin William Harrah na jihar Nevada ya isa misali. Ya tara motoci kusan 1,400, tarin da ba a taɓa ganin irinsa ba a zamaninsa. Da ya rasu a 1978, kamfanin da ya sayi harkokinsa ya yi gwanjon mafi yawansu, aikin shekaru ya watse. Sai da jama'a suka yi ƙorafi aka ware 175, waɗanda suka zama tushen gidan tarihin motoci da aka buɗe a birnin Reno a 1989. Abin da ya zauna shi ne abin da aka mayar na kowa. Magabatanmu suna da suna ga wannan hikima, waƙafi, wato mutum ya cire hannunsa daga abu don amfaninsa ya ɗore.

Saboda haka, a ganina, riƙe tsohon abu mai tsada yana halatta da sharuɗɗa. Dole mai shi ya fara sauke haƙƙin masu rai da yake kansa. Dole ƙofa ta kasance a buɗe ga ɗalibi da makaniki da ɗan talaka, don ilimin da yake cikin ƙarfen ya yi yawo. Dole kuma a faɗi labarin gaba ɗayansa: idan an ambaci ɗan fim da sarki, a ambaci maƙerin da ya bubbuge bodin da guduma, a ambaci layin mayunwatan da motar ta wuce. Duesenberg da aka nuna haka ta zama shaida a kan gwanintar ɗan Adam da kuma rashin adalcin zamaninta, kuma dukansu darasi ne. Wadda aka ɓoye a gareji kuwa, hujjar Veblen ce kawai take tabbatarwa.

Kammalawa

Akwai alaƙa tsakanin jirgin Warra da sikelin ɗan gwangwan wadda ba a cika lura da ita ba. Dukansu 'ya'yan tunani ɗaya ne, wanda bai san wata daraja ga abu ba sai amfanin yau. Mai wannan tunani yakan ci gaba da lodin tsohon jirgi har ya kashe mutane, in kuma ya daina amfani a faskara shi a yi makamashi. Babu shakka talauci yana da babban kaso a ciki, domin mai jirgin da ba shi da kuɗin sabo ba zai ajiye tsoho ba, kuma wannan nauyi ne a kan hukuma ta fuskar duba lafiyar jirage da tallafa wa masu su. Amma al'ummar da ta iya girmama tsohon abu ita ce kan san lokacin da ya kamata ta sallame shi daga aiki, kamar yadda ake hutar da dattijo a mayar da shi wurin neman shawara.

Ba mu da Duesenberg a Yauri, kuma ba ma buƙatarta. Muna da jirgin da aka sassaƙa daga gungume guda, da koma da taru da mamari na masuntan da, da tsofaffin injinan jirgi na farko-farko, da Fijon da ta yi shekaru tana zirga-zirga tsakanin Yelwa da Kwantagora, da dattawan Gungawa da har yanzu suke iya nuna inda tsibirinsu yake a ƙarƙashin ruwa. Bikin Rigata ya nuna cewa jama'a suna da ƙishin abin da ya shafi kogi da tarihinsa. Rumfa guda a bakin ruwa, da masarauta da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga da masu hali za su haɗa hannu su tsayar, ta isa ta fara tattara waɗannan abubuwa tare da muryoyin masu su, tun suna da rai. Kuɗin da za ta ci bai kai na sabuwar mota guda daga cikin waɗanda ake jerawa a ayarin manya ba. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta bai shanye ba.